Jan Mai a Tafin Hannu

Da hantsi aka bugo waya caji ofis, aka ce masu gyaran titi sun tsinci gawa a tsohuwar hanya. Sufeto na zaune yana karyawa shi kaɗai a kan teburinsa, kamar yadda ya saba tun rasuwar matarsa. Ya rufe kwanon, ya ɗauki hularsa, ya ƙwala wa Saje kira.

Saje irin mutanen nan ne da ba a rasa magana a bakinsu. Tun daga ofis har suka fita gari yake ba da labarin surukarsa, Sufeto kuwa in ya ce "uhm" ya yi da yawa. Ba wai ba ya son hirar ba ne, ya dai daɗe bai yi ba, har bakinsa ya manta yadda ake yin ta.

Tsohuwar hanya ta mutu tun da aka buɗe sabuwa. A bayan wani gidan mai da ya daina aiki suka tarar da gawar. Dattijo ne mai furfura, siriri, a kwance rigingine a kan kwali. Ƙirjinsa ya lotsa. Aljihunsa babu waya, babu lasin, babu ko tsinke.

"Kaɗe shi aka yi aka gudu, Yallaɓai," in ji Saje.

"Wanda ya kaɗe mutum ya gudu yana tsayawa ya yi masa shimfiɗa?"

Sufeto ya tsuguna. An naɗe wata kwat mai tsada an yi wa mamacin matashin kai da ita, kwat ɗin da mutum biyu irinsa za su shige ciki. Hannunsa ɗaya ya fi ɗayan duhu daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, irin na wanda ya shekara da shekaru yana jingina shi a tagar mota. Tafukan hannunsa kuwa jajawur. Sufeto ya sunsuna, ya ji warin mai.

Can gefe ga sawun manyan tayoyi, ga duwatsun da aka tare mota da su, ga wani rami a ƙasa inda jak ɗin ɗaga mota ya nutse ya karkace.

"Direban tirela ne. Taya yake canzawa motar ta sauko masa," in ji shi. "To ina motar? Mota dai ba ta tuƙa kanta."

Ya daɗe yana kallon fuskar dattijon. Abin ya taɓa masa zuciya fiye da yadda gawa ta saba taɓa shi, don ya ga mutum ya kwana ya wuni a bakin hanya babu wanda ya biyo sawunsa.

A asibiti likita ta tabbatar masa da abin da yake tsoro.

"Abu mai nauyi ne ya danne shi, amma ba nan take ya cika ba. Ya daɗe yana numfashi. Da an kawo shi da wuri, ina kyautata zaton da mun yi wani abu."

"Jan da ke hannunsa fa?"

"Ba jini ba ne. Rini ne, a cikin mai." Ta cire safar hannunta. "Sufeto, ka san dai ƙa'idarmu. Ɗakin ajiye gawa ya cika. In ƙarshen mako ya zo ba wanda ya zo ya ce nasa ne, asibiti zai haɗa shi da sauran marasa dangi a binne."

Sufeto ya san yadda ake wannan binnewar. Ya taɓa gani: motar hukuma, leburori biyu, babu mai kuka, babu mai karɓar gaisuwa. Shi kansa Sufeto ɗansa ɗaya ne a duniya, yana can wata uwa duniya, sai an kwana biyu yake turo saƙo mai layi ɗaya. Ba ya son tunanin wanda zai zo ya ce "nawa ne" ranar da aka kwantar da shi a wannan ɗakin. A ransa ya ƙudurta cewa wannan dattijon dai ba zai tafi haka ba.

Aka watsa hoton mamacin a tashoshi da garejoji. Shiru kake ji. Ba wanda ya zo cigiyar uba ko miji, ba kamfanin da ya ce ya rasa direba.

Sai ya nufi tashar awo da ke kan sabuwar hanya, inda kowace tirela ke hawa sikeli a duba takardunta. Wadda ke riƙe da wurin wata jami'ar haraji ce mai manyan tabarau, direbobi na kiranta Uwar Sikeli a bayan idonta, ita ma ta sani, kuma tana jin daɗin sunan.

"Hajiya, wane mai ne ja?" ya tambaye ta.

"Man noma. Dizal ɗin da ake sayar wa masu tarakta, ba a ɗora masa haraji, shi ya sa ake rina shi don a gane shi. Motar haya ba ta da hurumin shan sa. Duk wanda na tsoma sanda a tankinsa ta fito ja, ranar ya kwana a nan."

"Wa ke bin tsohuwar hanya?"

"Wanda ba ya son ganina mana." Ta gyara tabarau. "Ka ga, motar kaya abu uku take bukata: rajista, izinin hanya, da harajin mai gwargwadon tafiyar da ta yi. Mai gaskiya ya biyo ta nan, mai kaza a aljihu ya zagaya."

"A cikin masu biyowa ta nan, akwai wanda hankalinki bai kwanta da shi ba?"

Ta sassauta murya.

"Akwai wata shuɗiyar tirela ta wani ƙaramin kamfani da ke bayan kasuwar katako. Takardunta tsaf, manta fari tas. Amma wata rana ta hau sikelina da safe ta yi arewa, kafin in gama shan shayi abokin aikina na tashar kudu ya bugo yana tambayata game da lambar nan, wai ga ta ta gifta shi ba ta tsaya ba. Na ce masa sai dai in fiffike ta yi. Da na kai maganar sama, aka ce idona ne ya tsufa."

"Direbanta fa?"

"Wanda nake gani matashi ne mai ƙiba. Shi abokin aikin nawa ya rantse tsoho ya gani."

Sufeto ya yi mata godiya. Ruwa ba ya tsami banza.

Kamfanin bai wuce fili ɗaya mai katanga ba, da ofis ɗaki guda. Mai shi, wanda ma'aikata ke kira Maigida, ƙato ne mai faɗin kafaɗa, shekarunsa za su kai hamsin. Ya tarbe su da fara'a, ya sa aka kawo ruwan sanyi, tun kafin a tambaye shi ya zube takardu a tebur.

"Motocina uku ne, ranka ya daɗe, duk da rajistarsu. Ga izinin hanya, ga rasit ɗin haraji. Ni ban iya cin haƙƙin hukuma ba."

"Madalla. Direbobinka duk suna nan?"

"Ba wanda ya yi ko ciwon kai."

Sufeto ya ajiye hoton a kan takardun.

"Ka san wannan?"

Maigida ya kalla, ya ɗauke kai da sauri kamar ya taɓa tukunya mai zafi.

"Ban san shi ba. Allah ya jiƙansa."

Sufeto bai ce masa mutumin ya mutu ba, amma hoton gawa ba ya ɓuya, don haka bai riƙe wannan ba. Abin da ya riƙe shi ne hannun Maigida da ya kasa mayar da murfin gorar ruwa.

Suka fita fili. Ga shuɗiyar tirela nan a tsaye, lambarta a jiki, notinta sun yi tsatsa sun kama. Can ƙuryar katanga kuma ga wata, ita ma shuɗiya, an rufe kanta da tamfol.

"Waccan fa?"

"Gawa ce, ranka ya daɗe. Ta shekara da shekaru ba ta motsa ba, kayan gyara muke cira a jikinta. Ko lamba ba ta da ita."

Sufeto ya zagaya ta yana tafiyar mai ciwon baya, kamar wanda ba abin da ya dame shi. Suka koma mota.

"Saje, me ka gani?"

"Bola na gani, Yallaɓai."

"Ka taɓa ganin bolar da ciyawa ba ta tsiro a ƙarƙashinta ba, alhali ko'ina a filin ciyawa ce? Inda lamba take zama fes yake, ramukan noti suna ƙyalli. Jiya ko shekaranjiya aka kwance ta. Mota biyu ce ke cin lamba ɗaya. Guda ta bi sikeli ta biya haraji, guda ta bi tsohuwar hanya tana shan man noma."



Washegari suka dawo da takardar izinin bincike, da Uwar Sikeli a kujerar baya, rungume da sandarta kamar za ta biki. Maigida ya fita banki. Bakaniken kamfanin suka tarar, wani tsoho mai kuturun yatsa ɗaya, yana wanke sifana a cikin kwano.

"Baba, yaushe rabon motar nan da hanya?" Sufeto ya tambaye shi.

"Wannan? Ai ta riga ni tsufa. Ko an yi mata allura ba ta tashi."

"Ga sabuwar taya a ƙafarta ta baya."

"Ajiye ta muka yi a nan don kada a sace."

"A ɗaure da noti?"

"Ɓarayin yanzu ba su da kunya, ranka ya daɗe."

Uwar Sikeli ba ta tsaya jin sauran ba. Ta buɗe tanki, ta tsoma sanda, ta zaro ta. Ja kamar an yanka kaza.

"Su kuma wai idona ya tsufa," ta ce, ba da kowa ba.

Sufeto ya yaye tamfol, ya hau kan motar. Nan ya tsaya cak. Ɗaki ne na mutum. Bayan kujera ga katifa siririya da bargo a ninke, ga ƙaramin risho, kofi ɗaya, cokali ɗaya, rediyo da aka ɗaure da roba, da riguna biyu a rataye. A jikin gilashi an manna wani gilashin ƙara girman rubutu da igiya. Ya san wannan zaman. In ka cire sitiyari, ɗakinsa ne. Kaɗaici ya taso masa, sai da ya ɗan zauna kafin ya sauko.

"Wa ke kwana a nan, Baba?"

"Babu kowa. Tarkace ne."

Sufeto ya zaro hoton ya miƙa masa. Tsohon ya goge hannu a wando, ya karɓa, ya kai shi kusa da ido. 

"Innalillahi! Yaya Babba! Me ya same shi? An ce mana ya tafi hutu!"

"Wa ya ce?"

"Maigida. Shi ya shigo da motar da kansa, babu kwat a jikinsa, duk ya yi gumi. Ya ce in kwance lamba in rufe ta, in wani ya tambaya in ce matacciya ce." Ya zauna a kan taya, hawaye na bin gemunsa. "Na faɗa musu jak ɗin nan yana zubar da mai. Na faɗa, na maimaita. Aka ce sai wata ya mutu."

"Me ya sa kuke ce masa Yaya Babba?"

Tsohon ya ɗago yana kallon Sufeto kamar ya tambaye shi me ya sa ake ce wa rana rana.

"A bakin Maigida muka ji mana. Ai wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Saje ya ja salati. Sufeto ya karɓi hoton ya mayar aljihu. Shekarunsa a aikin nan ya ji ƙarya iri-iri, amma bai taɓa jin wadda ta yi masa ɗaci kamar "ban san shi ba" ɗin nan ba.

A ofis suka jira Maigida. Da ya shigo ya ga motar a buɗe ta taga, fara'ar ta zube. Sufeto ya ɗora kwat ɗin a kan tebur, a cikin leda.

"Zauna, Malam. Wannan taka ce?"

"Kwat ai kwat ce, kowa na da irinta."

"To gwada mu gani. In ba ta yi maka ba, sai in ba ka haƙuri."

Maigida ya kalli ledar. Akwai furfura biyu uku maƙale a wuyan kwat ɗin. Bai miƙa hannu ba.

"Bakanikenka ya gane hoton," in ji Sufeto. "Shi da ba su haɗa komai ba ya yi kuka. Zan sake tambayarka, ka yi tunani kafin ka ba ni amsa. Ka san wannan mutumin?"

Ƙaton nan ya sulale a kujera kamar buhun da aka farke.

"Yayana ne."

"Faɗa min yadda aka yi."

"Shi ya raine ni. Mahaifinmu ya rasu ina goye. Da kuɗin tuƙinsa na yi makaranta, da su aka sayi motar farko." Ya share fuska. "Da idonsa ya raunana ya faɗi gwaji, aka ƙi sabunta masa lasin. Na ce ya zo gidana ya huta, ya ƙi. Ba mata, ba ɗa, sai mota. Ya ce in na raba shi da sitiyari na kashe shi. Ni kuma a lokacin na sayi waccan, kuɗin rajista da izini da haraji sun fi ƙarfina. Sai na ce to, mota marar takarda, direba marar takarda, su rufa wa juna asiri. Na sa aka buga lamba ta biyu."

"Kai ka ci riba, shi ya sha tsohuwar hanya."

"Haka ne."

"Ranar fa?"

"Da la'asar ya bugo min. Da ƙyar nake jin muryarsa, ya ce mota ta danne shi. Na je da gudu, na ɗaga ta da jak ɗin motata, na jawo shi. Yana magana, wallahi yana magana! Na ɗauko waya zan kira asibiti, sai na tuna in sun zo 'yan sanda za su biyo. Ga lambar bogi, ga jan mai cike da tanki, ga direba ba lasin. Kamfanin ya tafi, ni ma na tafi."

"Sai ka zaɓi motar."

"Na ce bari in ɗaure tayar in kai ta in ɓoye, in dawo in ɗauke shi. Na kwashe abin da ke aljihunsa don kada wani ya zo kafin ni ya gano mu."

"Ga motarka ƙarama a wurin. Me ya hana ka sa shi a ciki ka fara kai shi?"

 Ga alama Maigida ya daɗe yana yi wa kansa wannan tambayar.

"Shi yayan naka me ya ce?" in ji Sufeto.

"Ya ce, 'Je ka, ƙanena, kada su kama ka. Zan jira.'" Muryarsa ta karye. "Na dawo a tasi, na sauka nesa na ƙaraso a ƙafa. Na tarar ya cika. Idonsa na kallon hanyar da na bi. Na rufe masa ido, na shiga motata na tafi."

"Ka bar shi sau biyu ke nan. Na uku kuma a kan teburin nan."

 Saje ya matso ya sa masa ankwa, a hankali, ba irin yadda ya saba ba. Ma'aikata sun taru a fili, suka dare aka wuce da shi, ba wanda ya dube shi.

Da suka hau titi Saje ya kunna sigina zai yi caji ofis.

"Miƙe," in ji Sufeto. "Mu biya ta asibiti."

A ɗakin ajiye gawa ma'aikacin ya jawo akwatin ƙarfe, ya yaye farin ƙyalle. Ya dubi mutumin da ke tsaye da ankwa, ya yi tambayar da yake yi wa kowa.

"Ka gane shi?"

"Na gane shi."

"Mene ne naka?"

"Wana ne. Ni kaɗai gare shi."

Sufeto ya kwance masa ankwar hannu ɗaya don ya sa hannu a takardar karɓar gawa. Ya samu abin da ya nema, dattijon ya fita daga layin marasa dangi, amma ko kaɗan bai ji daɗi ba. Tausayi ne kawai ya cika shi, na wanda ke kwance, har da na wanda ke tsaye, duk da ba ya so.

A bakin ƙofa Maigida ya tsaya, ya juyo.

"Ranka ya daɗe, za a bar ni in raka shi makwancinsa?"

"Wannan sai abin da alƙali ya ce."

"In ya ƙi fa? Wa zai tsaya masa?"

Sufeto ya mayar masa da ankwar, ya miƙa shi ga Saje.

"Ku tafi," ya ce. "Ni zan tsaya."